Gyambon Tela da Kwalbar Mai

Kai mai karatu, kafin ka ci gaba, duba ƙafarka. Ba wasa nake ba. In kana da ciwon suga, ko akwai mai shi a gidanku, ajiye takardar nan, ka je ka duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, sannan ka dawo. Wasiƙun da ke ƙasa tsakanina ne da 'yata ta fari, wadda muke kira Malama saboda koyarwa take yi a wani gari mai nisa, da kuma mahaifinta, tela. Na sa ta dawo min da nawa na haɗa da nasu. Ban goge komai ba, har inda ni ce mai laifi. Mai son dariya ya yi. Wanda ya ƙi ɗaukar darasi kuwa, ƙafarsa ce.

4 ga Maris

Malama,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗalibanki. Kaka tana nan yadda kika san ta, ci da faɗa, alhamdu lillahi.

Wata huɗu ke nan ina rubuta miki cewa kowa lafiya lau. Babanku ne ya ce kada a tayar miki da hankali, ni kuma na biye masa. Yau ga shi a gabanki da takardar nan a hannunsa, ɓoyo ya ƙare.

Fil ya taka a shago. Kin san shi, ba ya taka keken ɗinki da takalmi, wai takalmi yana hana ƙafa jin maganar keke. Suga kuma ya riga ya kashe masa tafin ƙafa. Ya yini da fil a cikin nama bai sani ba, sai da na kawo masa abinci na ga jini a kan feda. Tun daga nan wurin bai rufe ba, ya zama gyambo. Asibitinmu sun yi iya yinsu, wanki da allura da ƙwayoyi, har sun cire ƙaramin yatsa. Yanzu likita ya ce abu biyu suka rage: ko a yanke daga ƙasan gwiwa, ko a gwada wani magani na iska da babban asibitin garinku yake da shi. Takardarsa tana aljihun Babanku na sama.

Ƙafar dama ce, Malama. Ita ta taka keken da ya kai ki makaranta. Ni ba zan iya barin Kaka ba, ga kuma kayan makarantar da ya karɓa bai gama ba. Saboda haka nauyin yana wuyanki.

Kada ki ce za ki riƙa kira na a waya. A waya kowa jarumi ne. Ki rubuta, ki ba direban motar safe kamar yadda muka saba.

Mamanki

10 ga Maris

Mama,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiya. A gaishe min da Kaka. Baba ya iso lafiya, sai dai da na kwance bandejin na ga abin da kuka ɓoye min, sai da na fita na zauna a kan matakala. Ba zan ce komai ba, Mama, amma na ji ciwo.

Mun ga likita. Ya auna jinin da ke zuwa ƙafar, ya ce yana zuwa amma bai isa ba, shi ya sa sabon nama ya kasa tsirowa. Ga yadda maganin yake. Akwai wata na'ura kamar doguwar ganga ta gilashi mai kauri, a kwance, mutum ɗaya take ci. Za a tura Baba ciki a kan gado mai taya, a rufe, a cika ta da iskar oksijin zalla, a matsa ta fiye da iskar da muke shaƙa a waje. Idan an matsa ta haka, jini yana ɗaukar ta fiye da yadda ya saba, har ta isa inda gyambon yake. Awa ɗaya da rabi kullum, kwana biyar a mako, sau talatin.

Ya ja kunnenmu cewa gangar ba ta aiki ita kaɗai. Sai an haɗa da wankin miki, da tsare suga, da hana ƙafar ɗaukar nauyi. Idan an yi sau ashirin bai ga naman ya fara ja ba, zai koma maganar yankewa.

Baba ya daɗe yana kallon gangar daga kan keken marasa lafiya, sannan ya ce, "Likita, in an rufe, daga ciki ake buɗewa ko daga waje?" Likita ya ce daga waje. Baba ya ce, "To, kamar aure ke nan."

Fatar ɗaya ƙafar ma ta bushe tana tsattsagewa, zan yi wa nas magana. Za a fara ranar Litinin.

'Yarki

14 ga Maris

Malama,

Na ga takardarki, mun gode Allah da ya iso lafiya. Mu ma muna nan ƙalau.

Kin ce kin ji ciwo. Ki ji, zai wuce. Iyaye ba sa kai kuka wurin 'ya'ya sai ruwa ya kai wuya, ke ma wata rana za ki gane. Ganga ce ko tukunya, in dai za ta bar masa ƙafarsa, ya shiga. Ki gaya masa na ji maganar aure, za mu ƙarasa ta in ya dawo.

Ga ƙunshi nan na Babanku, da 'yar takarda a ciki. Ki miƙa masa yadda yake. 'Ya mai tarbiyya ba ta kwance abin da uwa ta ɗaure wa uba.

Mamanki

14 ga Maris

Mama,

Gaisuwa. Ban jira amsarki ba, wataƙila ma takardunmu su yi saɓani a hanya. Baba ya shiga sau biyu, lafiya ƙalau.

Matar da ke kula da gangar sa'ata ce, amma ba ta dariya a bakin aiki. Kullum sai ta auna sugansa, sannan ta bincike shi daga kai har ƙafa. Ba waya, ba agogo, ba ashana. Ta zaro fil biyu daga hularsa da allura ɗaya daga wuyan rigarsa, shi kansa bai san suna wurin ba. Ba turare, ba mai kowane iri a jiki ko a gashi. Ta ce inda oksijin ya taru haka, ɗan tartsatsi ya isa, kuma mai shi ne abincin wuta. Rigar auduga zalla suke ba shi. Ya juya ta ciki waje ya ce wanda ya ɗinka ta bai ji tsoron Allah ba.

In an fara matsa iskar kunnuwansa suna toshewa, sai ya yi ta haɗiyar yawu da hamma yadda ta koya masa. Daga nan sai kwanciya. Akwai talabijin a waje yana gani ta gilashin, jiya barci ma ya yi. Ni nake kai shi da safe in wuce makaranta, mai tasi ya dawo da shi.

'Yarki

24 ga Maris

Maman Malama,

Ina gaisuwa. Ina lafiya lau, ƙafa lafiya lau. A gaida Inna.

Manki ya iso, babu irinsa. Kullum ina fita da safe in dawo da azahar. Kada ki bari kowa ya hau kekena, ki ɗiga masa mai duk mako. Wandunan makarantar nan ki ƙara musu inci ɗaya a ƙafa, yara suna tsawo kafin zango ya ƙare.

Mijinki

27 ga Maris

Mama,

Ina gaisuwa, amma yau ba zan ce lafiya ba.

Baba sau biyar kawai ya shiga ganga. Makon jiya gaba ɗaya bai shiga ba, ni kuma ban sani ba. Kwana biyu ina ganin bakin gyambon yana duhu in na zo canza bandeji, ƙafar tana kumbura. Ranar Asabar ina wanke wandonsa na ga guntayen zare kala uku manne da shi. Mama, a ina mara lafiya zai samu zare a asibiti?

Yau na nemi izini a makaranta na je wurin matar ganga, ta ba ni labari. Ranar Litinin ɗin da ta wuce ya zo mata yana ƙamshi, ƙafar hagu da hannuwa suna ƙyalli. Man da kika aiko ne. Ta ce ya je ya yi wanka da sabulu tukuna. Akwai mutum uku suna jiran layi, a gabansu ta ce, "Baba, wa ya ba ka wannan? So yake ya ƙone mu gaba ɗaya?" Ya ce, "Matata ce," ya karɓi hularsa ya fita. Lambar wayarsa ce a katin, sun kira shi sau uku, kowane lokaci ya ce yana hanya.

Kin san inda yake yini? Akwai wani tela a bakin ƙofar asibiti. In na sauke shi na juya, sai ya ɗingisa ya je can. Mako guda yana koya wa mutumin yadda ake ɗora wuyan riga, wani lokaci har ya hau kekensa ya nuna masa. Da ƙafar nan, Mama.

Na tambaye shi me ya sa ya shafa alhali ya san doka. Ya ce kin rubuta ya shafa kowace safiya kafin ya fita. Ya ce dokar asibiti kwananta biyar, dokarki shekararta talatin da huɗu. Na ce to ya koma. Ya ce ba zai kwanta a hannun yarinyar da ta kira matarsa mai ƙona mutane ba, gara a yanke.

Likita ya duba. Ya ce abin ya koma baya, amma bai kai ƙashi ba. Zai ci gaba da lissafi daga biyar in Baba ya dawo cikin makon nan. In bai dawo ba, babu sauran abin jira.

Da na kwance ƙunshin nan, da ba mu zo nan ba. Kin ce kada in kwance, ban kwance ba. Na yi kuka, na yi roƙo, bai ji ba. Ke kika ɗaure, ke za ki kwance.

'Yarki

29 ga Maris

Maigida,

Ina gaisuwa. Innarka lafiya, kekenka lafiya. Ni ce ba lafiya ba tun jiya.

Da gangan ban rufe takardar nan ba. Malama ta kai ka asibiti ta karanta maka ita a gaban matar da ke kula da ganga. In akwai mutane a layi, su ma su ji.

Zan fara da kaina. Takardar Malama mai maganar wuta ta iso min kwana biyu bayan na aiko kwalbar. Na karanta ta, na fahimce ta sarai, makaranta na yi. Sai na ce a raina ai nawa da hannuna na haɗa, mai tsabta ne, ba irin na kanti ba ne. Na ninke takardar na tura ƙarƙashin filo. Ga waya a hannuna ban kira ba. Da taka ta zo kana cewa babu irinsa, har maƙwabta na karanta wa. Ni da nake yi wa 'ya'yan mutane faɗa a kan girman kai, ashe a ɗakina yake kwana. Wuta ba ta tambayar wa ya haɗa mai.

Yanzu kai. Ka ce an zage ni. Ba a zage ni ba, an yi tambaya ce, kuma tambayar tana kan hanya. Ka tuna mutumin da ya kawo ɗinkin kaya bakwai, ya kunna taba kusa da yadi? Ka tattara masa kayansa ka ajiye a waje, a gaban jama'a, alhali ya girme ka. Da ya ce ka ci mutuncinsa, me ka ce masa? "Shagona, dokata." Har yau kana ba da labarin kana dariya. To, gangarta, dokarta.

Kuma ka rubuto min lafiya lau kana zaune a shagon wani kana taka masa keke da gyambo. Allah ya gani, ni ma na gani yanzu. Mun ɓoye wa yarinyar nan wata huɗu, ya ci mana yatsa ɗaya. Kana so mako guda ya ci sauran?

Mutuncina ba a cikin kwalba yake ba. In kare shi kake son yi, ka sauko min daga mota da ƙafa biyu. Ka miƙa kwalbar ga matar nan ta yi yadda ta ga dama da ita, ka sa rigar da aka ba ka ko da makaho ne ya ɗinka, ka shiga.

Ke kuma mai ganga, 'yata, ban san ki ba amma na gode. Hancinki ya yi abin da karatuna ya kasa. Ki ci gaba da shinshina shi kullum, na ba ki izini.

Malama, ki yafe min ƙunshin.

Matarka

1 ga Afrilu

Mama,

Gaisuwa. Ya shiga.

Takardarki ta iso da yamma. Na ce masa daga gare ki take, amma sai a asibiti za a karanta. Ya ce, "Ta kai haka?" Na ce ta kai. Da safe shi ya riga ni shiryawa.

Mutum biyu ne a layi. Na karanta da ƙarfi. Da na zo kan "shagona, dokata," wani dattijo mai bandeji a dunduniya ya kasa riƙe dariya. Baba ya sunkuyar da kai har na gama. Matar ganga ce ta fara magana. Ta ce, "Baba, dokar tana nan, amma bakina ya yi kaifi ranar. Ka yi haƙuri." Ya zaro kwalbar daga aljihu ya ajiye mata a kan tebur, ya ce, "'Yata, ba ni rigar nan mai karkataccen ɗinki."

Ta matso ta shinshina shi. Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Shinshina da kyau, an ba ki izini a rubuce."

Yanzu ba na juyawa sai na ga an rufe murfin. Na yafe, Mama, ni ma ki yafe min zafin takardata.

'Yarki

20 ga Afrilu

Mama,

Albishirinki. Ki zauna kafin ki karanta, ki kira Kaka ta ji.

Yau aka cika ashirin, bai sake tsallake ko ɗaya ba. Likita ya kwance bandejin da kansa. Duhun nan ya tafi. Cikin gyambon ya yi ja wur da sabon nama mai tsiro-tsiro, bakinsa ya fara tattarowa. Ya ɗora rula ya ce ya ragu da fiye da rabi. Baba ya ce bai yarda da awon da ba nasa ba, sai da aka naɗe tef ɗinsa a leda ya gwada daga nesa. Ya ce, "Likita, awonka daidai ne, da ka zo shago da ka ci abinci." Likita ya ajiye rula ya ce, "Baba, ƙafar nan taka ce. Ba za mu taɓa ta ba."

Baba ya juya fuskarsa wajen taga ya daɗe. Ni ban ɓoye nawa hawayen ba.

Sauran goma, sannan wanki har ya rufe gaba ɗaya. Wani abu kuma: kwana uku ke nan yana zura zare a allura ba tabarau. Yana cewa ganga ta mayar da shi saurayi. Likita ya ce min a gefe hakan yana faruwa da wasu, kuma idon zai koma yadda yake bayan 'yan makonni. Ban gaya wa kowa ba sai ke, ki bar shi ya ci zamaninsa.

'Yarki

9 ga Yuni

Malama,

Bayan gaisuwa, Babanku ya iso. Na je tasha da kaina. Ya sauko daga mota da ƙafa biyu, ya tsaya a gabana ya ce, "Ga mutuncinki." Ga mutane suna kallo. Kaka ta sa an ɗora mata ƙafar a cinya, ta ƙirga yatsu huɗu, ta ce sun isa.

Na duba wurin da idona. Ya rufe, sai tabo mai laushi. Allah ya saka wa likitan nan da matar ganga, ya yi miki albarka. Kin riƙe amana.

Ya hau keke jiya da takalmin da asibiti suka auna masa. Yana ta mita wai keken ba ya jin maganarsa. Na ce ya ɗaga murya. Tabarau kuma ya dawo kan hanci, samartaka ta ƙare. Abin da ya fara ɗinkawa rigar auduga ce zalla, ba maɓalli ba ƙarfe, ɗinki miƙe kamar an ja da rula. Ga ta nan a hannun direba, ban ɗaure ba, ki buɗe ki gani. Ki kai wa matar ganga. In dokarta ta yarda a sa wa marasa lafiya, to. In ba ta yarda ba, ta yi tsumma da ita, ba mai fushi.

Yanzu ga dokar gidan nan, na rubuta ta na manna a ƙofar shago, kuma ta hau kanki duk ranar da kika zo hutu. Ba mai taka ƙasa ba takalmi, ko a shago ko a tsakar gida. Ba a rufe shago sai an bi ƙasa da maganaɗisu an tsince fil. Abin da likita ya hana ya hanu, ko daga hannuna ya fito, kuma duk ƙunshin da za a kai wa mara lafiya, mai jinya ya kwance ya duba, wannan ita ce tarbiyya. Kullum kafin rana ta faɗi Babanku zai zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ya miƙo min ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya.

Kuma daga yau, ba mai sake rubuta "lafiya lau" daga gidan nan sai an cire takalmi an duba. Na duba tasa ɗazu.

Lafiya lau.

Mamanki